Ƙishin-ƙishin Daga Halwar Masu Littafin Yara

Ku matso kusa, jama'a, a rage murya. Wanda ya ji ya riƙe, in cikinsa ba zai iya ba ya kai gaba, amma kada a ce daga bakina ta fito.

Akwai wasu bayin Allah da in ka gan su sai ka rantse ba su san hassada ba: masu rubuta littattafan yara da masu yi musu zane. Mutumin da ya ƙare shekarunsa yana ba da labarin ɗan zomo mai tsoron duhu, me zai haɗa shi da ƙyashi? To ku bari a tara su a daji, a rufe su wuri guda, a ajiye edita ɗaya a tsakiyarsu, sannan ku zo mu yi magana.

A Amurka abin ya zama al'ada. Marubuci ko mai zane zai bar gida da iyali, ya biya kuɗi masu kauri, ya tafi halwa ta 'yan kwanaki. Da safe kowa na ɗakinsa yana aiki, da rana a feɗe rubutun juna, da yamma a ci abinci tare, da dare a kewaye wuta ana hira. Wurin da ya fi suna a wannan harka yana Boyds Mills, a arewa maso gabashin jihar Pennsylvania, kusa da garin Honesdale. A Honesdale ɗin ne Garry Cleveland Myers da matarsa Caroline suka kafa mujallar yara ta Highlights a 1946, mujallar da kusan duk ɗan Amurka ya taɓa buɗawa a ɗakin jiran likitan haƙori. Jikansu Kent Brown shi ya jagoranci kafa gidauniyar da ta fara tara marubutan yara a Chautauqua ta jihar New York a tsakiyar shekarun 1980, daga baya aka mai da zaman filin gidan kakannin nasa, aka jera ƙananan ɗakunan katako a gefen daji, aka gina babban zauren taro da cin abinci. Har tsari gare su na wanda ba ya son darasin kowa: ya biya ɗaki da abinci, a ƙyale shi da alƙalaminsa.

Na ambaci sunan wancan ne don ku gane irin wurin da ake magana. Tsuntsuwata, wadda ta kawo mini labarin, ba can ta sauka ba. Ta sauka a wani mai kama da shi, a wani dajin daban, kuma sunansa zai kwana a cikina. Mai zane ce, 'yar gida ce da zama ya kai ta can, kuma Allah ya yi mata kunne.

Yaƙin farko, in ji ta, a kan kujera ake yin sa. Masu shirya halwa sukan gayyato edita daga manyan kamfanonin ɗab'i na New York, da dillalin marubuta, wato wanda ke ɗaukar rubutunka ya shiga da shi inda kai ba ka isa ka taka ba, ya yanki la'adarsa kashi 15 cikin ɗari. Da yawa daga manyan kamfanonin ba sa ko buɗe rubutun da bai biyo ta hannun dillali ba. Amma editar da ta zo halwa takan buɗe ƙofa na ɗan lokaci ga waɗanda suka halarta, ta ce su aiko mata kai tsaye. Wannan ƙofar ake saye da kuɗin halwa, komai daɗin iskar dajin da aka tallata maka. Saboda haka kujerar da ke kusa da edita a teburin abinci ta fi katifar ɗakinka daraja. Wai akwai wata baiwar Allah da tun la'asar take rataye rigar sanyinta a kan kujerar, ta koma ɗaki abinta. Ta ci kasuwarta har ranar da wani dattijo ya ɗauke rigar cikin ladabi, ya kai wa masu kula da wuri, ya ce ga kayan wani an manta. Ta shigo ta tarar da shi zaune yana miƙa wa edita gishiri. Ba su sake gaisawa ba har aka watse, kuma ita littafi kan zumunci ta zo da shi.

Dattijon nan shi ne abin kallon zaman. Tsohon ma'aikaci ne da ya yi ritaya, ya zo da labari mai kalmomi kusan dubu uku kan amfanin wanke baki, kuma duk da amsa-amo ya tsara shi. Kowane mahalarci yana da 'yan mintoci shi da edita su biyu, ta riga ta karanta rubutunsa ta yi masa jan biro. Da ya zauna, maganar farko da ya fara yi ita ce jikokinsa sun so labarin ƙwarai. Masu sana'ar sun ce babu jumlar da ke kashe wa edita jiki kamar wannan, don jika kakansa yake so, ko takardar kuɗin wuta ya karanta masa zai yi dariya. Bai tsaya nan ba, ya ƙara da cewa kada ta damu da neman mai zane, ɗiyar maƙwabcinsa ta iya fenti. Editar, wai, ta yi murmushin nan da suke koyo a ofis, ta ce labari ne mai zuciya, sai dai littafin hoto na zamanin nan bai cika wuce kalmomi ɗari biyar ba, kuma yara na jin warin wa'azi tun daga bango. Ya fito yana gaya wa kowa ta ce labarinsa mai zuciya ne. Sauran bai ji ba.

Batun ɗiyar maƙwabci shi ya kawo mu kan babban sirrin sana'ar, wanda na waje bai sani ba. A Amurka da Ingila, marubucin littafin hoto ba shi ke zaɓen mai yi masa zane ba. Edita da shugaban sashen zane na kamfani su ke zaɓa, kuma sau da yawa su biyun ba sa ko magana da juna har a gama aiki. Auren haɗi ne: waliyyai su ɗaura, ango da amarya sai ranar suna za su ga juna, kowa yana leƙa fuskar jariri yana neman kamanninsa. Da gangan kamfanoni ke raba su. Sun ce in aka bari suka haɗu, marubuci zai tsaya a kan mai zane yana cewa rigar ja ce, karen ƙarami ne, tagar tana hagu, har mai zane ya koma ɗan aike. Shi ya sa marubucin da ya cika gefen rubutunsa da umarnin yadda za a zana kaza da kaza, editoci ke kallonsa a matsayin baƙo a sana'a, su goge umarnin kafin rubutun ya isa hannun mai zane.

Halwa ita ce kusan wuri ɗaya da ɓangarorin biyu ke kwana a unguwa guda, kuma a nan ake fitar da abin da ke ciki. Masu zane, in sun keɓe, lissafi suke yi. Littafin hoto shafi 32 ne a mafi yawan lokuta, saboda manyan takardun ɗab'i ana ninke su ne takwas-takwas ko sha shida-sha shida. Marubuci ya kawo kalmominsa ɗari biyar, wataƙila ya daɗe yana gogarsu, ba a hana shi ba. Amma mai zane zai duƙa wata shida, wani har shekara, yana ƙirƙiro fuska, da gida, da yanayi, yana tabbatar da cewa yarinyar shafi na huɗu ita ce ta shafi na ashirin da takwas ko ta juya baya. Kason da masu littafi ke samu daga ciniki galibi kashi 10 ne cikin ɗari na kuɗin littafi mai kaurin bango, a raba biyu daidai. Littafin dala 18, kowannensu bai kai dala ɗaya ba, kuma ko wannan ba ya shigowa sai ciniki ya biya kuɗin kafin alƙalami da aka ba su tun farko. Daga sa hannu zuwa fitowar littafi kuwa, shekara biyu ba abin mamaki ba ne.

Kuɗin ma da sauƙi, in ji su. Suna ne ke ci musu rai. Jarida za ta yabi littafi ta ambaci marubuci, ta buga hoton bangon da wani ya zana, ba ta ce uffan a kansa ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Suna da hujjoji kuwa a aljihu. Babbar ƙungiyar sana'ar, wadda Lin Oliver da Stephen Mooser suka kafa a Los Angeles a 1971, ta fara ne a matsayin ƙungiyar marubutan littattafan yara kawai. Sai da aka shafe kusan shekara ashirin kafin a ƙara masu zane a sunanta. A Birtaniya, mai zane Sarah McIntyre ta tayar da gangami a 2015 na a riƙa ambaton masu zane, bayan an jera wani littafi da suka yi tare da marubuci Philip Reeve cikin masu neman lambar Carnegie da sunansa shi kaɗai. A can ɗin dai, lambar zane da ta ɗauki sunan Kate Greenaway tun 1955 an sauya mata suna a 2022, ta koma ƙarƙashin sunan Carnegie, masu zane suka yi ta tattara sa hannu suna neman a dawo musu da sunan uwarsu a sana'a.

Kada ku ɗauka marubuta ba su da nasu ƙorafin. Su ma in sun keɓe cewa suke, da babu kalmominmu, da wa zai kira su aiki? Kuma lambar Caldecott, wadda ƙungiyar ma'aikatan ɗakunan karatu ta Amurka ke bayarwa tun 1938, mai zane ake miƙa wa ita, marubuci yana cikin 'yan tafi. Tasu lambar, Newbery, wadda ta girme ta tun 1922, ba ta cika faɗawa kan littafin hoto ba. Da ta faɗa kan na Matt de la Peña a 2016 sai da aka yi ta mamaki. Akwai wurin da bakin ɓangarorin biyu ke zuwa ɗaya, wato kan 'yan gatan da ke rubutawa su kuma zana da kansu. Kason duka nasu ne, sunan duka nasu ne, editoci na son su saboda kai ɗaya za a yi ciniki da shi. Tsuntsuwata ta ce akwai irinsu biyu a zaman, kuma ko tari suka yi sai wani ya ce ji yadda yake tari da isa.

In dare ya yi aka kewaye wuta, sai a koma kan na da, don gulmar wanda ya riga mu gidan gaskiya ba ta hana ka kwangila. Kowane ɓangare da nasa gwanin. Masu zane suna ji da John Tenniel, wanda ya zana labarin Alice na Lewis Carroll. A 1865 an buga kwafi 2,000, Tenniel ya duba ya ce ɗab'in ya ɓata masa zane, bai yarda ba. Carroll, wanda da kuɗin aljihunsa aka buga, ya janye bugun, aka sake sabo, takardun farko aka sayar wa wani kamfani a New York. A littafi na biyu kuma Tenniel ya sa shi ya cire wani sashe ɗungum na labarin wani zanzaro. Masu zanen yau suna ba da wannan labari suna lumshe ido. Marubuta su kuma sai su jawo Roald Dahl, wanda da aka rasa irin takalmin da ƙaton da ke cikin littafinsa na 1982 zai sa, ya naɗe takalminsa na ƙafarsa a takarda ya aika wa mai zanensa Quentin Blake ta gidan waya. Ai ka ji umarnin zane, su ce, wanda babu editar da ta isa ta goge.

Akwai na Axel Scheffler, wanda a zanensa na farko na littafin The Gruffalo na Julia Donaldson ya sa wa dabbobin daji tufafi, aka ce ya tuɓe musu, dodon ma aka ce ya rage masa ban tsoro, kafin littafin ya fito a 1999. Akwai na Maurice Sendak, wanda ya shirya yin littafi kan dawakin daji, sai ya gane bai iya zana doki ba. Da ya koma zana dodanni, sai ya ɗauko fuskokin kawunnansa da gwaggonninsa da ke zuwa cin abinci gidansu a Brooklyn yana yaro. Littafin ya fito a 1963, ya ci Caldecott a shekarar da ta biyo. Duk wanda ke da ɗan'uwa mai zane, ya riƙa zuwa gidansu da fara'a.

Amma wanda ya fi daɗi a bakin 'yan halwa shi ne na Goodnight Moon, na Margaret Wise Brown da zanen Clement Hurd, 1947. Anne Carroll Moore, wadda ta daɗe tana riƙe da sashen yara na babban ɗakin karatu na New York, kuma ko bayan ta yi ritaya maganarta ake bi, ba ta so littafin ba. Bai shiga kantocin ɗakin karatun ba sai 1972. Ita kuwa Brown ta rasu a 1952 a Faransa tana da shekara 42, ta bar wasiyyar kason cinikin littafin ga ɗan maƙwabtanta mai shekara tara, lokacin da ba wanda ya zaci littafin zai sayu miliyoyi. Shi ma Hurd bai tsira ba: a 2005 kamfanin ɗab'in ya sa aka goge taba sigari daga hannunsa a hotonsa na bayan littafi, ya bar shi da yatsu a buɗe ba komai a tsakani.

To ga wanda ya faru a gaban tsuntsuwata, kuma shi ne ya sa na ɗauki alƙalami. A cikin mahalarta akwai wata marubuciya da littafinta na farko ya fito ya kuma karɓu. Labarin wata yarinya ce da aka kai hutu gidan kakarta, kakar tana ta faɗa, kada ki taɓa wannan, sauko daga can, har shafin ƙarshe inda suka rungume juna. Marubuciyar kakarta ta gaskiya ta rubuta, wadda ta rene ta, ta kuma rasu. Da kamfani ya aiko mata da zanen farko, sai ta ga an mai da kakar bushiya. Ita da jikar da duk mutanen gari, bushiyoyi. Wai ta yi kuka, ta rubuta wa edita doguwar wasiƙa, edita ta lallashe ta, aka wuce a haka. Ba ta taɓa ganin wanda ya yi zanen ba. Sai ga shi masu shirya halwa, cikin rashin sani ko cikin sani, Allah masani, sun gayyato shi ya koyar da darasi.

A darasin nasa kuwa littafin ya ɗauko ya yi misali, tana zaune a layi na biyu. Ya ce da ya karanta rubutun, abin da ya gani shi ne tsohuwa mai ƙaya a baki da taushi a ciki. In ya zana ta mutum, rungumar ƙarshe runguma ce kawai, kowa ya saba gani. In kuwa bushiya ce, yaro mai shekara huɗu da bai iya karatu ba zai yi ta tambayar kansa tun shafin farko yadda za a rungumi wannan ba a soke ba, kuma a shafin ƙarshe zai ga ta kwantar da ƙayoyinta. Ya ce aikin mai zane ke nan, ya faɗi abin da kalmomi suka bari. Zaure ya ɗauki tafi. Ni kaina, ku yafe mini, ina bayansa a wannan. Amma ba kakata aka mai da bushiya ba. Marubuciyar ta ɗaga hannu, kowa ya ɗauke numfashi, sai ta tambaye shi cikin sanyin murya ko ya san kakar tana da suna. Ya ce bai sani ba. Ta faɗi sunan, ta zauna. Da daddare an gan su su biyu a bakin wuta har kowa ya tashi, kuma waɗanda tagoginsu ke kallon wajen sun rabu biyu: wasu sun ce sulhu ne, wasu sun ce ba su taɓa jin sulhu da irin wannan ɗaga hannu ba.

Abu na biyu da ke haɗa kan marubuta da masu zane, bayan 'yan gata, shi ne fitattun mutane masu kutsowa sana'ar. Madonna ta yi nata a 2003, Paul McCartney ya yi a 2019, Meghan matar Yarima Harry ta yi a 2021, ga 'yan fim da masu barkwancin talabijin ba iyaka. Mutumin da ya shekara goma yana karɓar wasiƙun ba mu da buƙata, ya ga an shimfiɗa wa mawaƙi teburi a ƙofar kantin littafi, dole cikinsa ya yi zafi. Shi ya sa labarin Jamie Oliver, mai dafa abincin nan na Ingila, ba ya tsufa a bakinsu: a Nuwamban 2024 aka janye littafinsa na yara daga kasuwa, ya kuma nemi afuwa, bayan 'yan asalin Ostareliya sun koka da yadda ya siffanta su. Wai duk wanda ya ɗauko labarin sai ya fara da cewa abin ba daɗi, fuskarsa kuwa ta ƙi ba shi haɗin kai.

Sabuwar fitina ita ce ta na'ura. A irin wannan zama akan ware yamma guda masu zane su baje kundin ayyukansu a kan tebura, edita ta zaga tana dubawa, kowa ya ajiye katinsa a gefe. A da ana kallon launi da motsi. Yanzu, in ji tsuntsuwata, yatsu ake ƙirgawa. Tun Disamban 2022, da wani ma'aikacin kamfanin fasaha ya haɗa littafin yara cikin hutun ƙarshen mako da ChatGPT da Midjourney ya kai kasuwa, masu zane suka shiga zargin juna. A Janairun 2023 wasu mata uku masu zane, Sarah Andersen da Kelly McKernan da Karla Ortiz, suka kai kamfanonin irin waɗannan manhajoji kotu, suna cewa da ayyukansu aka horar da na'urorin ba da izininsu ba. Wata guda bayan haka ofishin haƙƙin mallaka na Amurka ya ce hotunan da Midjourney ta fitar a wani littafin barkwanci ba su da kariyarsa. To a wannan zaman an sami wani saurayi da zanensa ya yi santsi fiye da kima. Ba wanda ya tuhume shi a fili. Wata dattijuwa ce kawai ta miƙa masa fensir da takarda, ta ce don Allah ɗana zana mini wannan kyanwar taka tana hamma, jikata na son kyanwa. Ya ce hannunsa na ciwo. Washegari kuma yana ciwo. Adalci dai, akwai masu zane na gaske da aka yi wa irin wannan zargi a banza, har ta kai yanzu wasu na ɗaukar bidiyon hannunsu suna aiki don ranar da za a tambaye su.

Akwai maganar da ko a bakin wuta ba a ɗaga murya a kanta. A Fabrairun 2018 marubuciya Anne Ursu ta fitar da sakamakon tambayoyin da ta yi wa mutanen sana'ar kan cin zarafin mata, kuma yawancin abin da aka ba ta labari a irin waɗannan tarurruka ya faru, inda sabuwar marubuciya ke neman wanda zai buɗe mata ƙofa, babba kuma ya san ƙofar a hannunsa take. Babbar ƙungiyar sana'ar ta sanar cewa ta raba gari da wasu fitattu biyu, ɗayansu ya musanta har ya garzaya kotu. Sunayen na nan a jaridun lokacin, ba za su fito daga bakina ba. Tun daga nan ƙa'idojin ɗa'a suka zama abin da ake karanta wa mahalarta tun ranar farko, kuma tsuntsuwata ta ce a nasu zaman ganawar edita da marubuci a zaure ake yin ta, ƙofa a buɗe.

Ita kanta ba ta fita ba tabo. Editar ta yaba kundinta, sannan ta tambaye ta ko tana da wani abu da ya fi kama da Afirka. Abin da ke cikin kundin kuwa yara ne a bayan A Daidaita Sahu, da wata yarinya da ke leƙen tukunyar mai ƙosai, da layin masu ɗinki a kasuwa. Ta gane abin da ake nufi: zaki, da itacen kuka, da rana tana faɗuwa ja wur. Ta ce mata zakin da ta taɓa gani a gidan zu yake, kuma barci yake yi.

Da ta gama ba ni labari na ce mata ai mu ma mun san halwa. A 1936 Rupert East ya sa aka ɗauko Abubakar Imam daga Katsina, inda yake koyarwa, aka ajiye shi a Zariya wata shida, aka tara masa littattafan tatsuniyoyin Larabawa da Indiyawa da Turawa, ya fito da Magana Jari Ce. Kuma shi aiki aka ɗauko shi, ba kuɗi ya biya don ya zauna kusa da edita ba. Ta ce to a kai kasuwa, amma in je in duba littattafan yaran da ake bugawa a gida yanzu in ga nawa ne ke ɗauke da sunan mai zane a bango, nawa ne kuma aka sallame shi da kuɗin shan ruwa sau ɗaya aka manta da shi. Ta tuna mini da gasar adabi ta kamfanin NLNG mai dala 100,000, wadda a 2015 da zagayen adabin yara ya zo, alƙalai suka ce babu littafin da ya cancanta, kowa ya koma gida hannu rabbana. Na ce ai a Afirka ta Kudu akwai Book Dash, waɗanda tun 2014 suke zaunar da marubuci da mai zane da mai tsara shafi a teburi guda, su gama littafi cikin sa'o'i 12, kuma ba a jin kansu. Ta ce ina za a ji kansu, aikin sa kai ne, littafin kyauta ake bayarwa, babu kason da za a raba.

Na ƙarshe, kuma wannan da ɗuminsa yake. Wai kamfani ya nemi marubuciyar nan ta yi littafi na biyu kan kakar, da sharaɗin mai zanen nan dai zai yi. Ta yarda. Sai dai a wannan karon ta saka a cikin kalmomin labarin kansu, inda edita ba ta da ikon gogewa, cewa kaka tana cire haƙoran roba ta sa a kofi kafin ta kwanta, tana kuma fama da ciwon gwiwa, tana saƙa da allura biyu. Nufinta a ga yadda za a yi bushiya ta yi wannan. An ce zanen gwaji ya iso makon jiya. Bushiya ce, zaune a bakin gado, gwiwa ɗaure da bandeji, haƙora a kofi, tana saƙa da ƙayoyi biyu da ta tsige daga bayanta. Editar ta ce shi ne shafin da ya fi kowane kyau a littafin. Marubuciyar ba ta amsa wasiƙar ba tukuna, amma an ga sunanta a jerin masu zuwa halwar bazara, a darasin koyon zane na masu farawa.